Sunaye Bakwai da Jan Rubutu

Sagiru mutumin Zakka ne, gudun 'yan bindiga ya kawo shi Safana da iyalinsa. Bai yi boko ba, amma 'yarsa Naja'atu tana Katsina tana karatun aikin jarida, kuma babu wanda bai ji wannan daga bakinsa ba.

Da hutu aka ba su aiki, kowa ya haɗa mabuɗin fim ɗin ban tsoro na minti biyu. Ta yi masa bayanin yadda ake yi: allo baƙi ƙirin, ƙarar ƙofa, sai sunayen masu aikin su riƙa fitowa da jan rubutu yana zuba kamar jini, kowane ya ɗan tsaya ya ɓace. Sagiru ya ce duk wanda ya taimaka sai an sa shi. Ta ce malaminsu uku ya ce. Ya ce malamin ne ya ara mata fitila? Haka aka sa bakwai, na farko Salmanu ɗan acaɓa, wanda ya yi ta jigilarta zuwa kangon da ta ɗauki hoton.

Ta roƙi uban kada ya nuna wa kowa. Ranar kasuwa ya kai wa mai cajin waya, ya ce a tura wa duk mai so.

To a shekarun nan, in ka ga jerin sunaye a baƙin allo, ba ka tambayar na mene ne. Daga waya zuwa waya abin ya kai ƙauyen Yasore, maƙwabciya ta karanta wa Asta, uwar Salmanu. Lokacin an yanke sabis, babu halin kira. Tsohuwa ta ɗaura zane ta kama hanyar da maza ke tsoro, rabi a ƙafa, rabi a bayan motar hatsi.

Washegari da hantsi Sagiru na zaune ƙofar gida sai ga ta, ƙafafu a kumbure, tana tambayar inda aka rufe mata ɗa. Salmanu kuwa yana bakin tasha yana wanke babur.

Da aka kirawo shi ba ta yi kuka ba. Ta shafa fuskarsa, ta zauna a ƙasa. Sagiru ya fara cewa ai fim ne, haka ƙa'idarsa take.

"Malam Sagiru," in ji ta, "ranar da aka turo sunayen mutanen Zakka da aka kashe, har da ƙanenka, ka tsaya tambayar ƙa'ida?"

Bai tsaya ba. Naja'atu ce ma ta karanta masa, shi ya sa ta roƙe shi kada ya nuna fim ɗin.

Ya shiga gida ya ce a ɗumama wa Inna Asta ruwan gasa ƙafa, bai iya kallon 'yarsa ba. Kasuwa ta gaba yini ya yi a rumfar mai caji, yana bin mutane ɗaya-ɗaya su goge. Wani ya ce, "A'a, uban 'yar fim, yau kuma wa kuka kashe?" Sagiru ya sunkuyar da kai, ya miƙa hannu a ba shi wayar.