Rubutun Rudy a Jikin Filta

Idan mutum ya roƙe ka abin da zai iya kashe shi, alhali hana shi ma kisa ne, wanne daga ciki ake kira taimako? Na sha juya tambayar nan ina zaune a bayan kantar shagona, har yau ban samo mata amsa ba. Abin da na sani kawai shi ne yadda ta zo mini.

Ranar da aka buɗe babban titi ce, bayan guguwar dusar ƙanƙara da ta kulle mu a gida. Ina hura murhun gareji sai na ji ƙugin a-kori-kurar Cornie Wiebe. Matarsa Lorna ce ke tuƙi. Da na leƙa, sai na ga baƙin layi ya biyo motar a kan farar ƙanƙara tun daga kwanar coci.

"Orest, ta sake yin fitsarin kwance," in ji Lorna tana saukowa. Ta so ta yi dariya, dariyar ta ƙi fita.

Cornie bai sauko ba sai da muka kama shi. Ƙodarsa ta daina aiki tun bara, sai an kai shi birnin Saskatoon an yi masa wankin ƙoda, kuma guguwar ta sa ya tsallake ranarsa. Ƙafafunsa sun kumbura har igiyar takalmi ba ta ɗauruwa. Numfashinsa guntu-guntu, kamar wanda ya hau tsani da buhu a kai.

"Furofesa," ya ce, don haka yake kirana saboda littattafan da nake ajiyewa tsakanin kayan gyara, "rufe falsafar nan ka duba mini jakata." Motar yake nufi.

Na kwanta a ƙarƙashin motar. Filtar mai ce. Gishirin da ake zuba wa titi don narkar da ƙanƙara ya cinye gindinta, wani dunƙulen ƙanƙara ya ƙarasa ta. Baƙin mai yana ɗiga a kumatuna, da ɗumi.

Lorna ta riga ta kira motar asibiti, aka ce duka suna can wurin hatsarin manyan motoci, sai dai a jira. Motata ta janwe kuwa dizal ya daskare a cikinta. Ƙananan motocin da suka rage a gari ba wadda za ta iya tudun ƙanƙarar da iska ke tarawa a hanya. Ta Cornie ce ko babu.

Na hau duba kantoci. Irin filtar da injinsa ke ɗauka ta ƙare, motar kaya kuma ba ta zo ba. Wannan bai dame ni ba da farko, don filta ba dole sai ta kamfani ɗaya ba. Akwai waɗanda ke zama a madadin juna. Abin dubawa shi ne zoben roba ya zauna daidai bakin inji, tsayinta ya samu wuri, bawul ɗin cikinta ya buɗe a lokacin da ya dace. Sai uwa uba tiredi, wato haƙoran da ake murza ta a kansu. Na sauke wannan, zobe ya yi faɗi. Na sauke waccan, ta yi tsawo. Daga ƙarshe na ɗauko wata da ke kama da tasa kamar tagwaye. Na juya ta na duba cikin ramin. Injin Cornie tiredinsa na inci ne, wannan kuwa na milimita.

Cornie ya karɓe ta daga hannuna ya kara da tsohuwar.

"To ga ta. Me kake jira?"

"Ba ita ba ce."

"Gwada."

Na gwada don in nuna masa, kuma nan na yi wa kaina tarko. Ta shiga. Ta murzu sumul har zoben ya taɓa ƙarfe.

"Ka gani?" in ji shi. "Karatu ya yi maka yawa, Furofesa."

"Cornie, shiga daban, kamawa daban. Raminta ya ɗan fi faɗi, bakin haƙoran kawai ta riƙe. A sanyin nan mai ya yi kauri, inji na tura shi da ƙarfi. Tana iya kai ku, tana iya fincikewa a tsakiyar hanya. In ta fincike, kafin Lorna ta taka birki mai ya tsiyaye, inji ya ƙone. Ba inji, ba hitar ɗumama mota."

Duk wanda ya tashi a nan ya san abin da ke samun motar da ta mutu a wannan hanya. Wayar hannu ba ta kamawa bayan gada. Ana samun mutane zaune a kujerunsu, hannu a aljihu.

Na san inda filtar da ta dace take, kuma na daɗe ina haɗiye maganar kafin in faɗa.

"Akwai ɗaya a sitonku na gona. A jikin motar Rudy."

Rudy ɗansu ne ɗaya tilo. Ya rasu a wurin haƙar mai, hunturu biyu da suka wuce. Motarsa ba irin ta ubansa ba ce, amma tiredi ɗaya, zobe ɗaya, bawul ɗaya. Ni na sayar masa da filtar, ya canza mai ana saura kwanaki ya koma aiki, bai ko yi tafiyar kirki da ita ba. Ita motar ba ta tashi yanzu, tayoyi sun kwanta, batir ya mutu. Filtar dai sabuwa ce.

Fuskar Cornie ta canza.

"Sake faɗa."

"Ka ji ni."

"Ka san abin da ke jikinta?"

Na sani. Mu nan duk wanda ya canza mai da kansa yakan rubuta ranar a gindin filta da farin alƙalamin fenti. Rudy ya rubuta tasa, ya ƙara da zanen wata fuska mai gashin baki, wai ubansa ne. Shi ne abu na ƙarshe da hannunsa ya rubuta a gidan. Cornie ya sa wa siton kwaɗo, makullin yana rataye a wuyansa tare da sarƙar da ke ɗauke da bayanin ciwonsa.

"Hannun yarona ne ya ɗaure ta," ya ce. "Ba hannun da zai kwance. Rai nawa ne, Orest. Ɗaure wannan mu tafi."

Na dubi Lorna. Tana kallon ƙasa.

"Tsoho," ta ce a hankali.

"Kar ki fara, Mama," ya ce mata.

Ba ta fara ba.

Nan tambayar ta tsaya a gabana. In na ƙi, zai zauna a kujerar shagona ruwa yana cika masa ƙirji har motar asibiti ta ga damar zuwa. In na ɗaure, na tura mutum biyu cikin farin daji da abin da na san ba ya kamawa. Ya ce ransa ne, kuma gaskiya ya faɗa. Amma hannun nawa ne. Kuma akwai Lorna, wadda ba wanda ya tambaya.

Na shafa wa zoben mai, na ɗaure ta da hannu iya yadda na yarda, na cika inji da mai. Na jefa galan ɗin mai da tocila a baya, na ɗauki rigar sanyina.

"Ina kuma za ka?" in ji Cornie.

"Zan raka filtata."

"Matsoraci."

"Sosai ma."

Na zauna a tsakiyarsu, idona a kan allurar da ke nuna ƙarfin mai. Tun da aka tayar da inji ta haye can sama, inda ba na so. Muka wuce gidan hatsi, muka wuce maƙabarta, gari ya ɓace a madubi. Rana na sama amma ba ta da amfani. Iska na jan dusar ƙanƙara a kan kwalta kamar hayaƙi, wani lokaci ba ka sanin inda titi ya ƙare fili ya fara. Ba mota ko ɗaya, ba gaba ba baya.

Cornie ya jingina kansa da gilashi. Ina jin wani ɗan ƙara a numfashinsa, kamar ruwa na tafasa can nesa.

"Ka daina kallon allurar nan, za ka yi mata mugun ido," ya ce.

"Kai ka daina magana, ka adana iska."

"Ji shi. Likita ma ya zama."

Lorna ta riƙe sitiyari da hannu biyu. Duk ramin da muka faɗa sai in ji shi a haƙorana. Na riƙa ganin filtar a raina, tana rawa a bakin haƙoran nan, kowane juyi na inji yana tura ta.

Bayan gada, allurar ta kaɗa.

Kaɗan ne, ta sauka ta koma. Na ce wa kaina idona ne. Sai ta sake. Sannan warin ya shigo ta hita, warin mai a kan ƙarfe mai zafi.

"Lorna, tsaya. Kar ki kashe."

Na sauka. Sanyin ya kama cikin hancina kamar an tsunkule. Na kwanta a kan ƙanƙara na haska. Mai yana tsattsafowa ta gefe ɗaya na zoben, ɗigo yana bin ɗigo. Na kai yatsa na taɓa gindin filtar. Ta motsa. Abin da bai kamata ya motsa ba ko kaɗan, ya gyaɗa mini kai. Na janye hannuna a hankali kamar na taɓa maciji mai barci. In na ƙara murzawa haƙoran na iya zamewa gaba ɗaya. In na bar ta, ban san ko za ta kai mu kwana ta gaba ba.

Na tashi na dubi ko'ina. Fari, fari, sai sandunan shinge. Can gaba ta hannun dama akwai layin itatuwan da ke kare gonar Wiebe daga iska, da jan rufin sitonsu. Birni kuwa yana da nisan da ba na son tunawa.

Da na koma ciki haƙorana na haɗuwa. Na faɗa musu abin da na gani, ban ƙara ba ban rage ba.

"Akwai mai a baya," in ji Cornie. "Mu riƙa ƙarawa."

"Ba yoyon nake tsoro ba. Fincikewar."

"Ta kawo mu nan."

"Ta kawo mu."

"To mu je. Mama, ja mota."

Lorna ba ta ce masa a'a ba. Ta sunkuya ta jawo gwangwanin kofi daga ƙarƙashin kujera ta ɗora a cinyarta. Kowace mota a nan tana da irinsa: kyandir da ashana a ciki, don in mota ta mutu a kunna, ɗan zafinsa ya riƙe mutum har taimako ya zo, in ya zo. Ta buɗe ta duba, ta gwada ashana ɗaya ta ga tana kamawa, ta hure. A ƙarƙashin kyandiran na hango hoton Rudy, wanda ke rataye a kicin ɗinsu. Ta cire shi daga firam.

Cornie ma ya gani.

"Me ya kawo wannan nan?"

"Na ɗauko shi da safe."

"Don me?"

"In za mu zauna a hanya, ba na so mu zauna mu kaɗai." Ta rufe gwangwanin ta ajiye a tsakanin ƙafafunta, ta kama giya. "Orest, kai ka sauka a bakin hanyar gona. Murhu na kunne a gida. Ba ruwanka da wannan."

Ta faɗe shi kamar mai cewa akwai miya a tukunya. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin nan ba, kuma ba filtar ce ta ba ni shi ba.

Motar ta fara mirginawa. Allurar ta kaɗa, ta koma. Cornie yana kallon matarsa, yana kallon hannayenta a kan sitiyari, ita kuwa titi kawai take kallo. Bakin hanyar gona ya matso, akwatin wasiƙunsu ya fito daga cikin ƙanƙara har wuya. Ta rage gudu don ta sauke ni.

"Shiga," in ji Cornie.

"Me ka ce, tsoho?"

"Kin kurumce ne? Na ce shiga gona."

Ta karya kan motar. Muka ratsa tudun ƙanƙara har ta tsaya a ƙofar sito ta kashe inji.

Ya ciro makullin daga wuyansa, amma bai ba ni ba. Muka riƙe shi ta kowane gefe har bakin ƙofa. Kwaɗon ya daskare, sai da Lorna ta gasa shi da ashana. A ciki motar Rudy na tsaye, ƙura da kashin tsuntsaye sun rufe ta, hularsa na nan a kan dashbod. Na ɗaga bonet. A wannan injin filtar tana gefe, ana iya kai mata hannu daga sama. Na haska. Farin rubutun na nan, da fuskar mai gashin baki tana murtuke.

Na miƙa hannu. Cornie ya buge shi.

"Matsa, Furofesa."

"Ba ka da ƙarfin nan. Bari in kawo sifana."

"Ba ta buƙata. Ni na koya masa, da hannu kawai ake ɗaurewa."

Ya jingina ƙirjinsa da gefen motar yana haki. Lorna ta riƙe shi ta ƙugu. Ya cire safar hannu, ya ɗora kumburarrun yatsunsa a kan rubutun, ya daɗe a haka. Sannan ya murza. Ba ta motsa ba. Ya ja numfashi, ya sake murzawa, sai ta saki.