Keken Hajo a Gaban Bagadi

Christabel tana tsakiyar baiti na biyu na waƙar baiko, waƙar miƙa kyauta ga Allah, sai ta tsaya cak. Daga bencin 'yan kwaya, mawaƙan coci, ta hango matan Zumunta sun shigo coci da rawa, wata da doya, wata da kwandon tumatir, wata ta rungumo zakara yana ta fizge-fizge. A gabansu kuwa Mama Saratu ce, uwar saurayinta Kenneth, tana takawa a hankali da kan keken ɗinki bisa kanta, an naɗe shi da atamfa ruwan goro.

Keken nan ba na coci ba ne, ba kuma na Christabel ba. Na Hajo ne, maƙwabciyarsu a Tudun Wada, wadda katanga ɗaya ta raba su shekara goma sha ɗaya. Da shi take ciyar da 'ya'ya uku tun rasuwar mijinta. Jiya Asabar Christabel ta aro shi don ta ƙarasa labulen bagadi, teburin sujada na gaban coci, da ta gama sai ta bar shi a ɗakin ajiya na coci saboda nauyi. Ta manta cewa a ɗakin nan ake tara kayan da jama'a suka kawo na Lahadin Mishan, ranar tara gudummawa ga masu aikin bishara, kuma duk abin da mata suka tarar a ciki da safe ɗauka suke, ba sa tambaya.

"Kafin la'asar ɗin Lahadi dai, ƙanwata," haka Hajo ta ce lokacin da take miƙa mata shi. "Kayan makarantar yara bakwai ke jirana, Litinin za a sa su."

Christabel ta yunƙura za ta fita daga layi, amma ina, Fada, limamin cocin, ya riga ya ɗaga hannu. Ruwan albarka ya sauka a kan doya, a kan zakara, a kan atamfar. A wannan ƙaramar coci ko yaro ya san ƙa'ida: abin da aka yi rawa da shi zuwa bagadi aka yayyafa masa ruwa ya bar hannun mai shi ke nan, sai dai a gan shi a gwanjo.

Daga nan Fada ya karanta wasiƙar Fada Stephen, ɗan farin Mama Saratu, wanda shekara shida ke nan yana aikin bishara a wani tsibiri can ƙetaren teku. Ya rubuta cewa ruwan sama yana zuba a kan gadajen marasa lafiya a ɗan asibitinsu, rufi suke nema. Kuɗin gwanjon yau can za a aika. Mata suka yi ta share hawaye da bakin ɗankwali. Christabel ba ta ji ƙarshen wasiƙar ba, idonta na kan keken.

Ana tashi daga sujada ta nufi rumfar da aka kafa a harabar coci, sai ta faɗa hannun Mama Saratu.

"'Yata," in ji tsohuwar, ta rungume ta gam. "An ce ke kika kawo shi. Keke guda, saboda Stephen. Ashe haka zuciyarki take ban sani ba."

Shekara uku Christabel tana durƙusa wa matar nan, ba ta taɓa wuce "yarinyar nan ta kwaya" a bakinta ba. Yau ga kalmar da ta daɗe tana jira, ta zo a kan kayan wani. Ta zame jikinta ta nufi teburin gwanjo.

Kenneth ne mai gwanjo, makirufo a hannu ɗaya, ƙaramar ƙararrawa a ɗayan. In ya kaɗa ta sau uku, ciniki ya faɗa. Christabel ta zagaya bayan tebur ta ja hannun rigarsa.

"Kenneth, keken nan..."

Ya rufe makirufo da tafinsa, fuskarsa kamar an ba shi duniya. "Na sani. Yau kin fitar da ni kunya wurin Mama. Bari in gama tukuna."

Ya juya ga jama'a. "To, masu doya ku ja da baya, manya sun iso. Keke ne, ɗinkinsa ba ya tsalle, ko wandon Baba Katikis ya kama sai ya koma sabo."

Aka bushe da dariya. Baba Ernest, katikis ɗin cocin mai koyar da addini, ya nuna shi da sanda yana murmushi.

Aka fara da dubu arba'in. Wata nas daga Kwangila ta ce sittin. Mista Nagoda, ɗan kwangila daga Hanwa mai zama a kujerar gaba, ya ɗaga mukullin motarsa ya ce tamanin, 'yarsa ta gama koyon ɗinki. Christabel ta lissafa abin da ke jakarta, ko kuɗin zakaran bai kai ba. Nas ta ce ɗari. Nagoda bai ko waiwaya ba.

"Ɗari da hamsin."

Tafi ya ɓarke. Mama Saratu ta ɗaga hannuwa sama tana motsa leɓe. Kenneth ya kaɗa ƙararrawa sau ɗaya. Christabel ta hango Hajo a zuciyarta, zaune a tabarma da yankakkun yadi a cinya, tana duban ƙofa. Ya kaɗa na biyu.

"Ba nawa ba ne."

Ba ta san ta kama hannunsa ba sai da ta ji sanyin ƙararrawar a tafinta. Makirufo ya kwashe maganar ya watsa har bakin titi.

"Ba nawa ba ne," ta sake faɗa. "Na Hajo ne, maƙwabciyarmu. Aro na yi. Ban kawo shi baiko ba, mantawa na yi da shi a ɗakin ajiya."

Tafin ya yanke, sai kukan zakara a ƙarƙashin tebur.

Baba Ernest ya miƙe da ƙyar. "Yarinya, an yayyafa masa ruwa. Shekarata talatin da huɗu a nan, ban taɓa ganin abu ya je bagadi ya koma gida ba."

"Baba, yau za ta yi ɗinki da shi. Abincin 'ya'yanta ke nan."

"Me ya hana ki magana tun a cikin coci?"

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan farar rigar kwaya.

Fada ya ajiye kofin ruwan da ke hannunsa. "Baba, mai shi ba ta ba mu ba. Ruwan da na yayyafa ba ya mai da kayanta namu. A ba yarinya ta mayar."

Nagoda ya mai da mukullinsa aljihu, ya ce shi keke ya saya, tunda babu keke sai wata shekara. Ya tashi, matarsa ta bi bayansa. Kowa ya san rabin rufin asibitin Fada Stephen ne ya fita ta ƙofar nan. Kenneth ya tsaya da makirufo a hannu, ya rasa wadda zai kalla tsakanin uwarsa da Christabel.

Ta rungumi keken, ta kasa ɗaga shi ita kaɗai. Ba wanda ya motsa. Can sai Mama Saratu ta taso, ta cire gyalenta ta naɗe shi gammo, ta ɗora mata a ka ba tare da ta dubi idonta ba.

"Kama can," ta ce.

Suka ɗaga tare. Tsohuwar ta daidaita mata shi, ta janye hannunta da sauri.

"Je ki kai wa matar mutane kayanta. Gyalen ki ba Kenneth ya kawo min."

Christabel ta bi layin gida ita kaɗai, wuyanta na sagewa. Ta tarar da Hajo a tsakar gida ta baza yadi, almakashi a hannu.

"Kin ga har na fara leƙen ƙofa," in ji Hajo, ta taimaka mata ta sauke. Ta dubi fuskarta. "Lafiya? Wa ya taɓa ki?"

"Ba kowa, Yaya. Nauyi ne."

Hajo ta ɗora keken bisa teburinsa, ta zura zare, ta sa ƙafa. Christabel ta zauna a bakin tabarma ta fara miƙo mata hannuwan riguna ɗaya bayan ɗaya.