Gefen Allo

Odessa na kokawar cusa keken guragu a bayan mota wayarta ta sake yin ƙara. Ba sai ta duba ba, ta san Lamont ne, ƙaninta, wanda ke zaune can Atlanta yana ba da umarni kamar shi ke yi wa tsohon mahaifinsu wanka kowace safiya. Ta maƙale wayar da kafaɗa. Ya ce gidan kula da tsofaffi sun jaddada a kawo shi yau kafin a tashi daga ofis, in ba haka ba su ba wani gadon. Ya ce kuma wannan fim da za ta kai shi kallo, in aka kunna aka gama babu shi a ciki fa? Mutum ya haura casa'in, ranar da za a raba shi da gidansa, ranar kuma za a tona masa asiri?

"Ki bar masa labarinsa, Dessa. Shi kaɗai ya rage masa."

Ta ce ta ji, ta kashe wayar. Abin haushin shi ne tunaninsu ɗaya.

Mahaifinsu, Cleavon Whitlow, tuni ya hakimce a kujerar gaba cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci, har da laktaye. Akwatunansa na kujerar baya. Ya san inda za a kai shi, bai yi gardama ba, sharaɗi ɗaya kawai ya gindaya. Wani tsohon gidan silima a tsakiyar Los Angeles na nuna manyan finafinan da, kuma yau da rana za a haska nasa.

Haka yake kiransa, nasa. Fim ne da duk aka tashi lissafa finafinan Amurka da ba a taɓa yin irinsu ba sai ya fito a sahun gaba, yara ma sun haddace maganganun cikinsa. Cleavon kuwa ya yi rayuwarsa yana tuƙa motar shara, amma tun Odessa na goye take jin cewa yana cikin wannan fim. Wai yana saurayi aka ɗauke shi aikin yini guda cikin masu cika wuri, aka sa masa rigar ɗan dakon tashar jirgin ƙasa, don a wancan zamanin baƙar fata ba ya samun shiga sai da tire ko akwati a hannu. Wai an gargaɗe su kowa ya tsaya kamar gunki, amma shi da jirgi ya shigo sai ya cire hularsa ya ɗaga sama, don uwarsa ta gane shi.

Duk shekara a kan nuna fim ɗin a talabijin, duk shekara su taru a falo, kuma ba a taɓa ganin ko inuwarsa ba. Sai ya miƙe yana nuna bangon da ke gefen akwatin yana rantsuwa cewa a nan yake. Fim ɗin mai faɗi aka yi shi, in ji shi, talabijin kuwa ƙuntatacce ne, shi ya sa suke datse gefe da gefe su bar tsakiya. Marigayiya mahaifiyarsu ta kan ce, "To tauraro, tunda a bango kake, sauko ka kwashe kwanuka." Har maƙwabta da Tauraro suke kiransa. Da aka zo zamanin talabijin masu faɗi ya ƙi kallo, ya ce shi sai a majigi, wannan kuma ya ƙara tabbatar wa kowa abin da suke zato. Odessa na iya dubawa ko a wayarta, amma ba ta taɓa yi ba. Tana ƙaunar tsohon, ba ta son ta kama shi da ƙarya.

Ga kuma idanun. Ciwon da ya same shi tsakiyar gani ya cinye, ya bar masa gefe. In zai dube ka sai ya kawar da kai kamar mai fushi da kai. Shi ya sa ya bar tukunya a wuta har labule ya kama, shi ya sa kuma yau akwatuna ke bayan mota.

Zauren silimar ya fi ƙarfin mutanen da suka zo. Tsofaffi ne jefi-jefi da wasu ɗalibai, ga ƙamshin gugguru da warin tsohuwar darduma. Ta tura shi har gaba, ya sa ta gyara keken ya karkata dama, yadda gefen hagu na allon zai faɗo daidai inda idonsa ke aiki. Da aka kashe fitilu ya laluba ya kama hannunta. Tafin nasa a jiƙe yake.

Ba ta fahimci komai a rabin farko ba. Tunanin gadon take, da ɗakin da ta gani mai taga ɗaya, da yadda za ta juya ta fito ta bar shi. Ta riga ta shirya abin da za ta faɗa in an zo wurin, ta maimaita shi a zuci har ya zauna.

Sai ga tashar. Ƙarar jirgi ta cika zauren, jarumin ya riƙo fuskar jarumar, wata tsohuwa da ke zaune bayan Odessa ta fara jan hanci tun kafin a yi magana. Yatsun Cleavon suka matse nata. Odessa ta kafa ido a kan fuskokin nan biyu na tsakiya, ta ƙi motsa shi ko kaɗan. Tsoro take ji ta duba hagu ta ga dandamali fayau. Hoton ya sauya, matsar ta saki.

Ta sunkuya kusa da kunnensa. "Na gan ka, Baba. Ga ka nan ka ɗaga hula sama."

Ya zare hannunsa a hankali ya ɗora a cinyarsa, haka ya zauna har aka gama.

Da aka kunna fitilu mutane suka yi tafi suka fara fita. Ta miƙe za ta saki birkin keken, ya ce ta dakata. Ya kawar da kai gefe, wato ita yake kallo sosai.

"Ban ɗaga ba," ya ce.

"Me?"

"Hular. Ban ɗaga ta ba. Ina nan tsaye da akwati, ƙafafuna kamar an dasa su, ido a waje kamar ɓarawon da aka haska wa fitila. Ashe tsoro ne ya kama ni ranar. Na faɗa na faɗa har ni ma na ɗauka na ɗaga." Ya yi wata 'yar dariya da ba ta yi daɗin ji ba. "Ni ƙaryata rabi ce, Dessa. Taki ce cikakkiya. Ba ki duba ba."

Kunya ta rufe ta tun daga wuya har tafin ƙafa. Ta so ya yi faɗa, ya zage ta kamar lokacin da ta fasa masa gilashin mota tana budurwa, amma sai ya gyara laktayensa ya ce su tafi, kada mutanen can su gaji da jira. Ya ce ba komai, uwarta ma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta yarda ba, kuma ya zauna da ita lafiya.

Ta tura shi har bakin ƙofa. Rana ta dake su, wayar ta fara rawa a aljihunta, wannan karon lambar gidan tsofaffin ce. A jikin gilashin mai sayar da tikiti an rubuta cewa za a maimaita fim ɗin nan ba da jimawa ba. Fim ne mai tsawo, kafin a kai tashar an rufe ofishin can, gadon kuma ya tafi. Ta san abin da hakan ke nufi: komawa layin jira, wankan safe kafin ta tafi aiki, da kwana da ido ɗaya a buɗe tana fargabar jin ƙaurin hayaƙi. Ta tsaya har wayar ta gaji ta yi shiru. Sannan ta juya keken.

"Ina kuma za mu?"

"Na manta wani abu a ciki."

"Ke dai kin cika taurin kai," ya ce, amma bai hana ta ba.

Suka koma wurinsu na ɗazu. Wannan karon da jirgin ya shigo ta ɗaga tafin hannunta ta rufe jarumin da jarumar gaba ɗaya, ta juya ido hagu. Can ƙarshen allo, dab da labule, wani siririn saurayi na tsaye cikin rigar da ta yi masa yawa, ya rungume akwati a ƙirji, hula ta zauna daram a kansa. Kunnuwansa irin na Lamont ne, goshin kuwa nata ne sak. Ya firgita ƙwarai, har tana ganin maƙogwaronsa na motsi. Ba a fi numfashi biyu ba aka ɗauke shi.

"Baba," ta ce, ta kamo hannun rigarsa. "Baba, ga ka can."

Kansa ya riga ya langaɓe a kafaɗa, bakinsa a ɗan buɗe, yana ta barcinsa. Ta bar hannunta a kan nasa. Wayar ta sake fara rawa a aljihu.