Layi na 412

Jan rubutu guda ne a fuskar kwamfutar, kuma Auta ta karanta shi ya fi sau ɗari: "Ka buɗe ƙofa a layi na 412 ka yi tafiyarka. Wa ka bar wa ya rufe?"

Maganar yayanta ce sak. Shekara huɗu ya yi yana ƙera Sakata, sabon harshen rubuta manhaja da har yanzu gwajinsa ake yi, su biyar har da Auta a wani ofis mai fanka ɗaya. Dokar harshen ba ta da sassauci: duk abin da ka buɗe, fayil ne ko hanyar sadarwa, sai ka rufe shi da hannunka. In ka manta, kwamfaila, wato manhajar da ke juya rubutunka zuwa abin da inji ke ganewa, ba za ta gina maka komai ba. Saƙonnin kuskuren shi ya rubuta su yadda yake magana, don haka mai sakaci sai ya sha faɗan Yaya ko yana nan ko ba ya nan. In kuwa aiki ya yi daidai, kwamfailar ba ta cewa uffan. Yaya bai iya yabo ba, ita ma bai koya mata ba.

Halinsa ke nan tun a gida. Suna yara, in Auta ta bar famfo yana ɗiga, tsaye yake yi a kanta har sai ta koma ta murɗa. Ta sha yi masa murguɗa baki a bayan ido.

Sai ga shi mai dokar ne ya karya ta. Wata Talata da hantsi ya buɗe fayil a layin nan, ya dafe kai, ya ce bari ya leƙa asibiti ya dawo. Ko kofin shayinsa bai wanke ba. Mako uku ke nan da binne shi, kuma tun ranar Sakata ta tsaya cak.

Shugabar sashen ta jawo kujera ta zauna kusa da ita. Ta tuna mata a hankali cewa masu gwaji suna jira, kuma in aka ƙara jinkiri za su koma wani harshen, wahalar Yaya ta tashi a banza.

"Layi ɗaya ne, Auta. In ba za ki iya ba, ni sai in rubuta."

"Na san layin, Anti. In na rufe, shiru zai yi."

Auta ta share ido da bakin mayafinta, ta ɗora yatsu a madannai. Kalma biyu ce kacal. Ta rubuta, ta danna.

Jan rubutun ya ɓace. Fuskar kwamfutar ta tsaya fayau, babu ko harafi. Abokan aikin suka yi hamdala ƙasa-ƙasa, aka tura wa masu gwaji. Ita kuwa shirun nan ya fi mata ranar jana'izar ciwo.

Da suka fita cin abincin rana ta ce ba ta jin yunwa. Ta kwafi fayil ɗin zuwa tata kwamfutar, ta nemo layin da ta rubuta, ta goge shi, ta sake dannawa.

"Ka buɗe ƙofa a layi na 412 ka yi tafiyarka. Wa ka bar wa ya rufe?"

"Ni ka bar wa, Yaya," in ji ta.