Ƙarfe Takwas na Safe

Malam Aƙilu ma'aikacin ofishin ilimi ne, gidansa na unguwar Limancin Kona. Shekara uku yana zuwa wankin ƙoda kafin matarsa Safiyatu ta ba shi tata guda ɗaya. Ya warke, har ya yi ƙiba. Ita kuma haɗarin mota ya ɗauke ta a hanyar Kaduna, ta bar shi da 'yarsu Batul, mai shekara tara.

Safiyatu ta saita ƙararrawa a wayarta, ƙarfe takwas na safe, don maganin da likita ya ce ya riƙa sha muddin ransa. Ranar sadakar uku aka kulle wayar a akwatinta, sai ranar rabon gado. Amma kullum takwas ta yi, sai ƙarar ta taso daga akwatin da ke ƙarƙashin gado.

"Kwana goma sha tara babu caji!" in ji Gwaggo Hajara, ƙanwarsa da ta zo zama da su. "Yaya, a kira malamai."

"Ƙyale ta, Hajara. Za ta mutu don kanta."

Batul ta lura takalman babanta sun daina shiga ƙafarsa saboda kumburi. Tana shara ta ga ƙwayoyin maganinsa a bayan randa, zube cikin jiƙaƙƙen yashi.

Washegari da ƙarar ta fara, ta same shi zaune a bakin gado. Ta miƙa masa kofin ruwa da magani.

"Baba, me maganin nan yake yi?"

"Yana hana jikina korar ƙodar."

"Ta Umma?"

Ya sunkuyar da kai.

"An ce mata ba sa zuwa maƙabarta. Ban san inda aka sa ta ba." Ta ɗora tafin hannunta a gefen cikinsa, wurin tabon ɗinkin. "Nan kaɗai na sani. Kada ka kore ta."

Ya daɗe yana kallon ƙwayoyin, sannan ya watsa su baki. Yana haɗiyewa ƙarar ta yanke, alhali kullum sai ta yi minti biyar.

Kashegari takwas ta yi, akwatin shiru. Gwaggo Hajara ta yi hamdala. Batul kuwa tana bakin ƙofa da kofi a hannu. Ta gane ba duka Umma aka binne ba, kuma tsaron ragowar ya dawo hannunta.