Fitilun Aro

Shekara talatin ina gyaran wutar manyan motoci a Zongo, ba wanda ya taɓa tambayata asalin sunana. Gwadabe mai wuta kawai, har yara. Kuma duk direban da ke ɗaukar kaya daga bakin tashar jirgin ruwa ya san ina da akwati guda.

Abin da ke cikin akwatin fitilu ne: jajaye biyu na baya, masu ruwan lemo shida na gefe, da faifan ƙarfe mai ƙyalli da ake ɗaura wa gindin tirela. Sababbi fil. Amarya muke ce musu, don kwalliyar yini ɗaya ce. Ranar da mota za ta je bizit, inda hukuma ke duba lafiyarta, direba ya zo da sassafe in ɗaura masa, ya je ya karɓo takarda, kafin la'asar ya dawo in kwance abina. Mai mota ba zai sayi nasa ba. Wai ko ya saya, ɓarayi za su kwance a layin tasha. Ni kuwa ban taɓa karɓar ko dala ba, zumunci nake yi. Har alfahari nake da shi, don wauta.

Ba na barin akwatin a garaji. A gida yake kwana, ƙarƙashin gado. Matata Dije ce ke goge fitilun duk Juma'a, ta naɗe su cikin wani tsohon zanenta shuɗi don kada gilashin ya karce.

Labiba autarmu ce. Ɗinki take koyo a Sèmè-Kpodji, kullum ta tafi a zem, wato babur na haya, ta dawo a zem. Ranar wata Alhamis aka yi ruwa gab da magariba, gari ya rufe da wuri. Wata tirela ta mutu a gefen hanya, rabin jikinta kan kwalta, ba fitila ko ɗaya a bayanta. Direban ya jera ganye a ƙasa kamar yadda aka saba, ruwa ya kwashe. Mai zem ɗin bai ko taka birki ba. Shi ya karye, ita ba ta kai asibiti ba.

Bayan addu'ar bakwai baƙi suka watse, gida ya rage ni da Dije. Ba ta kuka da ƙarfi. Abin da take yi ya fi kuka ciwo. Bayan kowace salla sai ta ɗaga hannu ta ce Allah ya isa tsakaninta da wanda ya bar mota ba fitila a kan hanya. Sau biyar a rana, ni kuma ina cewa amin.

Wata safiya ta ce, "Malam, babu motar da ba ka sani ba a garin nan. Ka je ka gano mini ta wane ce. Ba ƙara zan kai ba. Suna nake so, in riƙa faɗa wa Allah da suna."

Na tafi. An ja tirelar an ajiye a wani fili bayan ofishin jandarma, na roƙi mai gadi ya bar ni na duba. Tun daga nesa na san fentin. Na zagaya baya. Ramukan kusoshi na nan a buɗe, ko tsatsa ba su yi ba. Waya biyu na lilo, bakin kowacce an murɗe an naɗe da koren tef, sau uku, an lanƙwasa ƙarshen. Duk Zongo ba mai naɗe waya haka sai ni. Motar da Nasser direba ke tuƙawa ce. Ranar Talata, kwana biyu kafin hatsarin, ya zo aron amarya, ya dawo yana dariya da takardarsa a hannu, ya saya mini shayi.

Na zauna a ƙasa gefen taya. Mai gadin ya ɗauka ciwo ne, ya kawo mini ruwa a leda. Na yi ta neman wanda zan ɗora wa laifi. Nasser ne, mai motar ne, ruwan sama ne. Duk inda na juya sai na ga koren tef ɗina.

Ban hau zem ba, da ƙafa na komo. A hanya na shirya ƙarya har uku. Motar baƙi ce, ta Nijar. An riga an tafi da ita. Ba a bar ni na shiga ba. Shekara ashirin da takwas muna tare da Dije, ita kaɗai ta rage mini a gida, kuma ina jin tsoro kamar yaro.

Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa.

"Ka gani?"

"Na gani."

"Ta wane ce?"

Ƙaryar ta ƙi fitowa. Na ce, "Ta Nasser ce."

Ta maimaita sunan a hankali, kamar mai haddacewa. Sai hannunta ya tsaya cikin faranti. Dije ba ta mantuwa, shi ne abin da na fi tsoro.

"Ba shi ne ya yi sallama ranar Talata da asuba ba?"

"Shi ne."

"Ni na miƙo maka akwatin."

Ta ɗago kai ta ci gaba.

"Da la'asar kuma ka dawo da shi, na karɓa, na naɗe."

"Dije, ba ke kika kwance ba. Ni ne."

Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Ta ajiye farantin ta yi alwala. Bayan la'asar na kasa kunne, ta idar, ta shafa, ba ta ce komai ba. Magariba ma haka. Allah ya isan ta ƙare, don yanzu ta san sunan.

Da safe ta jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. Ta fito da fitilun ɗaya bayan ɗaya ta jera a kan tabarma a gabana, ba ta fasa ko guda ba. Ta kaɗe shuɗin zanen, ta ninke, ta sa a jaka tare da kayanta.

"Zan je gidan Yaya Abdulmalik a Tokpa-Hoho," ta ce.

"Kwana nawa?"

Ta gyara mayafi ta fita. Na ji ta tsai da zem a ƙofar gida.

Ina nan zaune ni da fitilu aka yi sallama. Ridwane ne, direba, mutumin kirki, har ɗaukar makara ya taya ni. Ya ƙara yi mini gaisuwa, sannan ya sassauta murya.

"Baba, ka yi haƙuri, na san ba lokacinsa ba ne. Bizit gare ni ƙarfe tara."

Na ce masa babu, na daina.

"Ba komai, Baba. Bari in leƙa wurin Sharhabilu mai wuta, shi ma yana da su."