Hannun Ruvaje

An shimfiɗa niogen, wato mayafin ɓawon itace mai zane, a gefen gawar, ɓawon ya yi laushi don tsufa. Maza suna bayan gida, sun gama haƙa kabari, suna jira.

Tsohuwa Moiri ta bar wasiyya a naɗe ta da shi. Shi kaɗai ya rage mai zanen zuri'arsu, baƙaƙen layuka masu lanƙwasa kamar hauren aladen daji. Sauran duk baƙi daga birni sun saye.

'Yarta Ruvaje ta iso da hantsi daga ƙauyen mijinta, ƙafafu duk laka. Ta jira kuka, bai zo ba.

"Zauna ki kalli zanen nan," in ji Inna Dehari, ƙanwar mamaciyar. "Ni dai kin gan ni, ga makanta ga rawar hannu. In bai shiga kanki yau ba, ya shiga ƙasa ke nan."

"Ina kallo, Inna."

"Kallo ko zuru? Tun kina ƙarama haka kike, a ba ki jan launi ki cika, hankalinki yana wurin gasa gwaza."

Ba sharri ta yi mata ba. Uwar ce ke jan baƙin layi, Ruvaje ta cika ja da rawaya. Kafin a miƙa mata tsinken baƙi ta yi aure a tsallaken kogi, ta koyi zanen dangin miji a hannun surukarta, har furfura ta fito mata a kansa. Kowace shekara sai ta ce za ta zo ta koya, da zarar an haƙe doya.

Ta bi layukan da yatsa. Ta ga inda hannun uwarta ya yi rawa, ta ji warin hayaƙi. Ba ta ji komai a ranta ba.

"Rana tana yi fa," wani ya ce daga waje.

Aka naɗe, aka ɗauka.

Washegari Ruvaje ta ɗauko farin ɓawon da uwar ta buga ta bari, ta tsoma tsinke a baƙi. Hannun ya tafi da kansa, bai tsaya ko sau ɗaya ba.

"Ya fito?" Inna Dehari ta tambaya, ta juyo da kunne.

Ruvaje ta duba. Zanen surukarta ne, tsaf, ba kuskure.

"Ya fito, Inna."

Tsohuwar ta yi ajiyar zuciya, ta jingina da bango. Ruvaje ta sake tsoma tsinken.